Uludag a ƙarshen mako: ya gangaren yake, kuma ina ake cin abinci?

Bakatsinen Fatih ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda ke zaune a Bursa, ko duk wanda ya saba hawa dutsen Uludag.

Shekarata ta uku ke nan a Istanbul ina karatu, bana kuma Allah ya yi iyalina ta iso. Tun da ta sauka ba ta da zance sai na dusar ƙanƙara. Kun dai san halin Istanbul, sai hunturu ya kusa ƙarewa ba ta zuba ta kwanta ba, in ma ta zuba kwana biyu ta koma caɓi a bakin titi. Na yi subul da baka na ce zan kai ta inda take jibge har gwiwa, har ma ta gwada wasan zamiyar nan da Turkawa ke kira kayak. Yanzu kullum da safe sai an tuna mini.

Abin da ya sa nake ɗar-ɗar, bara na je da abokaina biyu, kuma ban ji da daɗi ba. Mun shiga jirgin ruwa zuwa Mudanya, tashar ruwa da ke kusa da Bursa, teku na ta wujijjiga mu har ɗayanmu ya yi amai. Muka isa tashar teleferik, motar nan mai tafiya a kan igiya, muka tarar an rufe wai saboda iska. Muka hau ƙaramar bas. Da muka kai sama, abin da na taka ba dusar da nake gani a hoto ba ce, ƙanƙara ce tauri kamar daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu. Wani shago ya ba ni hayar takalmin da ya yi mini yawa, ya ce haka ake sa shi. Ban yi taku goma ba na sha ƙasa da ƙugu, sati biyu ina salla a zaune. Ga yunwa, na sayi burodi da 'yan yankan sujuk, niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da ake ɗurawa a hanji, a kan kuɗin da zai ciyar da ni kwana biyu a unguwarmu.

To tambayata: yaushe gangaren yake yin kyau ga ɗan koyo? Ta yaya mutum zai san halin da ake ciki tun kafin ya baro gida? A kwana a saman dutsen ko a gari? Sannan ina zan kai ta cin abinci wanda za ta ƙoshi, ni kuma aljihuna bai yi kuka ba? Asabar da Lahadi kawai muke da su.

Ɗan Gorukle ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da ƙugu. Shekara biyar ina Bursa, daga tagar ɗakinmu nake hango dutsen nan, don haka bari in faɗa maka abin da ya same ka bara: lodos ce ta kama ka.

Lodos iska ce mai ɗumi da ke tasowa daga kudu maso yamma. Idan ta zo, abu uku take yi a tare. Tana tayar da tekun Marmara har a soke jiragen ruwa, tana sa a tsayar da teleferik, sannan tana narkar da saman dusar. In dare ya yi sanyi ya dawo, abin da ya narke ya daskare, gari na wayewa sai ka tarar da daɓen nan da ka faɗi a kai. Duk alamomin sun nuna maka tun a cikin jirgi, ba ka dai san karatunsu ba ne. Mu nan in muka ji ɗumi ya sauko tsakiyar Janairu, mutane na cire rigar sanyi suna ƙorafin ciwon kai, mun san ba ranar hawa dutse ba ce.

Abin da za ka yi, tun ranar Laraba ka fara duba hasashen yanayi, kuma na Uludag za ka duba, ba na Bursa ba. Garin yana ƙasa a kwari, ƙololuwar dutsen kuwa mita 2,543 ce, sai a yi ruwan sama a gari alhali can sama dusa ce ke zuba. Kalmomi uku za ka riƙe: kar ita ce dusa, sis hazo, sai lodos. Abin da kake nema shi ne dusa ta zuba Alhamis ko Juma'a, Asabar gari ya washe, iska ta kwanta. Akwai kyamarori da ke nuna gangaren kai tsaye a intanet, ka leƙa da safe ka gani da idonka. Hazon can kuma kada ka raina shi. Ya fi hazon hunturun gida, don wannan fari ne a kan fari, ba ka bambance ƙasa da sama, sai ka ji jiri yana ɗibarka kana tsaye.

Lokaci kuma, ka guji hutun tsakiyar shekara na 'yan makaranta, wanda ke faɗowa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Istanbul gaba ɗaya kwashewa take yi ta taho, layin teleferik kaɗai ya ishe ka. Bayan an koma makaranta ya fi.

Ko a rana ɗaya ma dusar ba iri ɗaya ba ce. Da dare wasu manyan motoci masu ƙafar sarƙa suna bi suna baje ta, su bar ta da 'yan siraran layuka kamar ƙananan kunyoyi. Wannan ta safe ita ce ta ɗan koyo, tana riƙe ƙafa, in ka faɗi ma da sauƙi. Daga azahar ƙafafu sun tattake ta, wani wurin ya yi tudu, wani ya zama santsi, masu gudu kuma sun cika fili. Don haka ku kasance a sama da hantsi. Da yake rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas a wannan lokacin, kuna idar da asuba ku karya ku kama hanya.

Kwana kuwa, a gari. Otal-otal na sama tsada ne da su, kuma da dare kiɗa ne da shaye-shaye a da yawa daga ciki, ba wurin da za ka so kai iyali ba. Ku taho Juma'a da yamma ta mota, ta gadar Osmangazi, ba ruwanku da teku. Da safe ku je Teferruc ku hau teleferik. Tsawonta kusan kilomita tara ne, ta saman dajin nan da dusa ta lulluɓe, ita kanta tafiyar ta isa kallo. Kada ku sauka a Sarialan in dai zamiya kuke so, ku wuce tasha ta ƙarshe ta wajen otal-otal.

Takalmi: ƙarya mai shagon ya yi maka. Takalmin kayak kama ƙafa yake yi tsam, dunduniya ba ta ɗagawa a ciki, yatsu kaɗai ke ɗan motsi. Safa ɗaya doguwa za ka sa, kada ka jera uku, kuma kada ka cusa ƙafar wando a ciki, zai ci maka ƙwauri. Ka karɓi hular kwano. In za ka sayi tikitin hawa, ka tambaya da kyau waɗanne na'urorin ɗaukar mutane zuwa saman gangare ya ƙunsa, ko da yake ranar farko da wuya ku buƙaci kujerar igiya. Kuɗin gara ka ba malami na awa ɗaya ko biyu. Abu na farko da zai koya muku sunansa kar sapani, wato garmar dusa: ka haɗa bakin allunan ƙafarka a gaba, ka buɗe su a baya, shi ne birkinka. Alamun gangare launi ne, kore da shuɗi na masu koyo, ja da baƙi na gwanaye. Ka ga ja, ka yi masa sallama daga nesa.

Abinci, ka bar shi sai kun sauko. Ku hau da dabino da ruwa da ɗan burodi a jaka. Abu ɗaya da na yarda ka saya a sama shi ne salep, madara ce mai zafi mai kauri kamar kunun gyaɗa, da garin kirfa a kai. In kun sauko, Bursa ce gidan iskender, gasasshen nama a kan gurasa da man shanu, a nan aka ƙirƙiro shi tun ƙarni na 19. In kuma ka ga iskender ya yi maka nauyi, ka shiga kasuwar Kayhan ka ce pideli kofte, ƙanensa ne, abincin ɗalibai da 'yan kasuwa.

Alhajin Laleli ya amsa:

Ikon Allah. Yaro, mu da muke zuwa sarin kaya muna gudun sanyin nan kamar mutuwa, kai kuma kuɗi za ka biya a kai ka inda ya fi yawa, ka ɗaura katako a ƙafa ka gangaro daga dutse? Kuma da 'yar mutane? In ta karye me za ka ce wa surukanka a Katsina, ta faɗo daga ina?

Ni dai na je Bursa sau uku sayen tawul da yadi, dutsen daga ƙasa na gaishe shi. Amma maganar naman nan gaskiya ce, na ci, har na nemi ƙari. Ka kai ta ta ci nama, ku yi salla a babban masallacinsu, ku ɗauki hoto da dusar a bayanku, ku dawo da ƙafafunku. Allah ya tsare.

Maman Hanifa Kayseri ta amsa:

Baba Alhaji ka ba ni dariya wallahi. Ai mata ma suna yi, ni nan na yi, kuma ƙafafuna biyu suna nan.

Malam, duk bayanin da aka yi maka na maza ne, ba wanda ya yi maganar abin da matarka za ta sa. Ka gaya mata kada ta hau alluna da doguwar abaya ko dogon hijabi mai jan ƙasa. Yana shiga ƙarƙashin allo, yana iya maƙalewa a na'ura, kuma in ya jiƙe ya daskare sai ya zama kamar kwali. Ni abin da nake yi, wandon dusa mai faɗi, da rigar sanyi mai sauka har gwiwa, da ƙaramin hijabi mai shiga ta kai wanda ba ya buƙatar allura, in tura bakinsa cikin riga, hular kwano a sama. An suturtu tsaf, babu abin da ke reto. Wandon da rigar duk ana bayar da haya. Safar hannu kuma mai hana ruwa, ba ta ulu ba, ta ulu minti biyar ta jiƙe. Ta sa tabarau, don hasken rana a kan farar dusa yana kashe ido, ta kuma shafa man kaɗe a leɓe da fuska. Ku yi alwala tun a masauki ku sa safa a kai, ruwan can sama yankan hannu yake yi. In tana son mace ta koya mata, ku tambaya, akwai malamai mata.

Sannan ni da za ku ji tawa, dutsen Erciyes na nan Kayseri za ku zo, mu nan Erjiyes muke cewa. Ya fi Uludag tsayi nesa ba kusa ba, mita 3,917, kuma da yake muna tsakiyar ƙasa nesa da teku, dusarmu busasshiya ce, wara-wara kamar gari. Daga cikin Kayseri kilomita 25 ne kacal, tikiti ɗaya kuma ya ishe ka duk na'urorin. Wajen Tekir fili ne shimfiɗaɗɗe mai sauƙin gangare, iyalai ne cike da yara. In kun sauko ga manti, 'yan mitsi-mitsin ƙulli na fulawa da nama a ciki, a zuba kindirmo da tafarnuwa. Mutanen nan suna cewa gwanar mace ita ce wadda nata guda arba'in za su shiga cokali ɗaya. Ga kuma pastirma, wanda maigidana ke kira kilishin Turkawa, ni dai na ce kada a ɓata wa kilishi suna.

Ɗan Gorukle ya sake amsawa:

Anti, ban musa ba, dusarku ta fi tamu, duk wanda ya san abin ya san haka. Amma kwana biyu gare su. Kayseri sai jirgin sama, ko su kwana a mota zuwa, su kwana a mota dawowa. Kuma Erciyes ba bishiya, in iska ta taso babu abin da ke tare ta. Mutumin da ko tsayawa bai iya ba, ina ruwansa da tsawon dutse? Su fara da na kusa, in ta ji daɗi baɗi sai su zo miki.

Bakatsinen Fatih ya dawo:

Jama'a mun je mun dawo, kuma Baba Alhaji, ƙafafu huɗu muka tafi da su, huɗu muka dawo da su. Na gode ƙwarai. Bari in ba da labari ko wani zai amfana.

Sati biyu na ɗaga tafiyar. Na farko na ga an rubuta lodos ranar Juma'a, na ce ba da ni ba, aka yi mini fushi na kwana ɗaya. Na biyu hutun 'yan makaranta bai ƙare ba. A na uku dusa ta zuba Alhamis da dare, muka shiga mota Juma'a bayan la'asar, muka kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tsohuwar kasuwa.

A teleferik mutuniyar ta riƙe hannuna kamar za ta karya shi, tana ta salati duk lokacin da akwatin ya wuce kan turke ya yi ɗan girgiza. Can da muka shiga saman daji sai ta yi tsit. Bishiyoyin nan kowane reshe ya sunkuya da farin kaya, ƙasa babu sawun kowa sai na wata dabba da ya ratsa ya shige duhuwa. Da muka sauka ta cire safar hannu ta damƙi dusar, ta murza, ta kai baki ta ɗanɗana. Ta ce ita ta ɗauka za ta yi nauyi kamar ƙanƙarar firji, ashe kamar audugar rimi take. Taku kuma wani ƙara yake yi, ƙurus ƙurus, kamar kana taka garin rogo.

Wajen haya na zauna na gwada takalmi uku, ina jin mai shagon yana tsaki, ban kula shi ba. Muka samu malama, wata 'yar siririya da ba ta kai ni kafaɗa ba. Abin kunya, cikin awa ɗaya uwargida ta kama garmar nan, tana gangarowa a hankali kamar mai ɗauke da tulu, tana tsayawa inda aka ce ta tsaya. Ni kuwa tsoron bara ya hana ni sakewa. Da na ji allunan sun fara tafiya sai in ja jiki baya, su kuma su ƙara gudu su bar ni a zaune. Malamar ta gaji ta zo ta buga mini ƙwauri da sandarta, ta ce in jingina shi da harshen takalmin, in miƙa hannuwa gaba kamar mai riƙe da tire. Abin ya saɓa wa hankali, wai kana tsoron gangare kuma a ce ka karkata wajensa, amma da na yi sai na ji allunan sun dawo ƙarƙashin ikona. Na faɗi sau shida, an ƙirga mini. Babu wadda ta yi zafi, dusar laushi gare ta. Wani yaro da bai fi shekara biyar ba ya zo ya tsaya a kaina cak, ya ce geçmiş olsun amca, wato sannu kawu, ya juya ya wuce kamar iska.

Maganar Ɗan Gorukle ta fito daidai. Wajen ƙarfe ɗaya fili ya cika, layukan safe sun ɓace, wurin da kowa ke taka birki ya fara ƙyalli. Sai ga hazo ya gangaro daga sama, cikin minti kaɗan otal ɗin da ke gabanmu ya ɓace. Muka mayar da kaya, muka sha salep a tsaye, kofin na ɗumama mana yatsu, muka bi layin sauka tun bai yi tsawo ba.

La'asar a Ulu Jami, babban masallacin Bursa, muka yi ta. Ƙubba ashirin gare shi, an gama shi a 1399 zamanin Sarki Bayazid na ɗaya, kuma wurin alwalar a tsakiyar masallacin yake, a ciki, kana salla kana jin zubar ruwa. Bango duk manyan rubutun larabci, wani harafin ya fi mutum tsawo.

Daga nan sai iskender. An yanka gurasa ƙanana an shimfiɗa a faranti, an jera naman da aka shafto siri-siri a kai, ga miyar tumatir, ga kindirmo mai kauri a gefe, da gasasshen tattasai kore. Muna shirin sa hannu sai ga wani dattijo da ɗan kasko yana ƙara, ya tsaya a kanmu ya kwarara man shanu mai tafasa, farantin ya yi cuuu, ƙamshi ya tashi. Uwargida ta dube ni ta ce ashe su ma sun san man shanu. Gurasar ƙasan nan da ta sha mai da romo ita ce maganar, ta tuna mini da gurasa bandashe, sai dai babu yaji. Da ma ta zo da ɗan ƙullin yajinta a jaka, ta faki ido ta barbaɗa, dattijon ya gani, ya matso ya ce a ɗan zuba masa a tafin hannu. Ya lasa, ya yi tari har da hawaye, ya tafi ya kawo mana shayi biyu bai karɓi kuɗinsu ba.

Lahadi ba mu koma sama ba, cinyoyina sun ƙi. Sauka daga matakala sai da na riƙe bango. Muka je Cekirge inda ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa, na jiƙa jikina a wurin wankan maza, ita ma ta shiga na mata. Da rana muka ci pideli kofte a Kayhan, kusan rabin kuɗin jiya, kuma ni a bakina bai gaza ba. Muka sayi kwalin kestane mai sukari na tsaraba, 'ya'yan wata bishiya ne da ake dafawa da sukari, wanda aka cinye rabinsa kafin mu kai gada.

Maman Hanifa, ta ce in gaishe ki, shawarar hijabin ta yi amfani sosai. Ta kuma ce in tambaye ki, a Erciyes ɗin akwai masauki mai sauƙin kuɗi kusa da inda motocin dutsen ke tashi? Wai kafin dusar bana ta narke.